Wa Ya Ce Mai Karatun Hausa Ba Ya Son Wahala?

Akwai wata magana da ta zama tamkar wuridi a bakin wasu 'yan uwanmu marubuta. Duk taron da aka zauna sai an ja ta, duk sabon marubucin da ya kawo rubutunsa a duba masa sai an ɗura masa ita kafin ya tashi. Wai mai karatun Hausa ba ya son wahala. Wai da zarar ka ƙulla masa labari mai sarƙaƙiya zai yar da littafin ya nemi wani, saboda haka a ba shi saurayi da budurwa da uban da ya ƙi, ko uwargida da amarya da boka a tsakani, a riƙa jan sa a hankali kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Masu wannan magana sukan faɗe ta da murya irin ta wanda ya san kan ciniki, wasu ma har su ƙara da cewa ai su ma sun so yin rubutu mai zurfi, jama'a ce ba ta kai nan ba. To, mu dai mun ƙi wannan magana, kuma shaidar da za mu kafa a kanta daga Maruta ta fito, garin nan na ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, inda ba wanda zai ce wani farfesa ne ya zauna ya koya wa jama'a nazarin zubi da tsari.

Mai karatu zai tuna shekarar 2020. Annobar korona ta sa an rufe makarantu tun cikin watan Maris, malaman jami'o'i kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai cikin Disamba. Ɗalibai daga Dutse da Kano da Zariya suka tattaro nasu ya nasu suka dawo gida. Ga damina ta kankama, da safe a tafi gona, da yamma kuwa babu abin yi sai zaman majalisa da latsa waya. A irin wannan zama ne wani fim mai dogon zango na ƙasar Jamus, mai suna Dark, wato Duhu, ya faɗo hannun wasu samari ta hanyar da kowane fim ke bi ya shigo garuruwanmu: wani ya samo a birni, masu tura fim a waya suka zuba a kwamfuta, daga nan ya bi memori zuwa memori. (Maganar haƙƙin mallaka kuwa, wadda ke ci mana tuwo a ƙwarya mu ma, mu bar ta sai wata fitowar.) Ba mu ce gari ya ɗauka ba. 'Yan tsiraru ne, galibi masu ɗan Ingilishin da za su iya bin rubutun da ke gilmawa a ƙasan hoto, tunda da Jamusanci ake maganar. Amma waɗannan 'yan tsirarun sun ba abokansu labari, abokan sun ba wasu, har ta kai wanda bai taɓa ganin ko kashi ɗaya ba yana iya tsoma baki cikin gardamar wane ne uban wane a wani gari da ake kira Winden.

Ga wanda bai gani ba, bari mu ɗan gutsura masa, wanda kuma ke da niyyar kallo ya yi haƙuri domin za mu fasa ƙwai. Kamfanin Netflix ne ya fitar da shi, mutum biyu suka ƙirƙiro shi, Baran bo Odar mai ba da umarni da Jantje Friese wadda ta jagoranci rubutu. Zango uku ne, kashi 26 gaba ɗaya. Na farko ya fito a Disambar 2017, na biyu a Yunin 2019, na ƙarshe ranar 27 ga Yunin 2020. Winden ɗan ƙaramin gari ne na ƙage, yana da tashar lantarki ta nukiliya, da daji, da wani kogo cikin dajin. A 2019 wani yaro mai suna Mikkel, ɗan wani ɗan sanda da ake kira Ulrich Nielsen, ya ɓace a kusa da kogon, kamar dai yadda ƙanen shi Ulrich ɗin ya ɓace shekaru 33 kafin nan. Ashe kogon nan ƙofa ce tsakanin zamani da zamani, tana haɗa 2019 da 1986 da 1953. Yaron ya ɓulla a 1986, bai sami hanyar komawa ba, wata ma'aikaciyar asibiti ta riƙe shi, ya girma da wani suna daban, ya yi aure, ya haifi Jonas, wanda shi ne tauraron labarin. Wato ke nan yaron da ake ta cigiya a 2019 shi ne mahaifin Jonas, yarinyar da Jonas ke so kuma, Martha, yayar Mikkel, gwaggonsa ce ta jini. Wannan fa somin taɓi ne. Can gaba za a gamu da mata biyu, Charlotte da Elisabeth, kowacce ita ta haifi ɗayar, sannan shekarun su ƙaru har zuwa 1921 da 1888 da 2053, duniyar ma ta tashi daga ɗaya ta zama uku.

To, me samarin nan suka yi da wannan kwamacala? In da maganar 'yan uwanmu gaskiya ce, ai da tun a kashi na uku sun goge shi sun cika memorin da waƙoƙi. Sai ga shi takarda suka yago daga littafin makaranta suka shiga zana salsala, gida huɗu, Kahnwald da Nielsen da Doppler da Tiedemann, kusan kowane mutum da fuska uku, ta yarinta da ta girma da ta tsufa. Daga nan hasashe ya ɓarke. Da wani tsoho mai ƙonanniyar fuska da ake kira Adam ya ce shi ne Jonas bayan ya tsufa, majalisa ta dare gida biyu, masu cewa gaskiya ya faɗa da masu cewa ƙarya yake yi don ya juya yaron. Wannan ya kafa hujja da tabon igiyar da ke wuyansu su biyun, wancan ya ce ai tabo ana iya yin sa da gangan. An kai ruwa rana a kan wane ne mahaifin wata mata Regina, yawanci suka ɗora wa Tronte Nielsen, daga baya ta bayyana ba shi ba ne. Wani baƙo ya shigo garin a 1986, sunansa na asali Boris Niewald, nan da nan masu ido suka lura cewa in ka yanki farkon Nielsen ka liƙa da ƙarshen Kahnwald, Niewald za ka samu, suka rantse lalle jinin gidajen biyu ne. Wannan hasashen, wanda masu kallo a ƙasashe da dama suka yi tarayya a kansa, bai kai ko'ina ba. Akwai kuma ɗan sanda Wöller mai bandeji a ido. An yi ta jira a ji abin da ya sami idon, sai a kashin ƙarshe ya buɗe baki zai faɗa, wuta ta ɗauke. Mu da muka saba da ɗaukewar wuta mun fi Jamusawa jin daɗin wannan barkwanci. Har an samu mai ɗan karatun fiƙihu da ya tambaya, in Charlotte ta rasu, a matsayin uwa Elisabeth za ta ci gado ko a matsayin 'ya, aka kwana biyu ana wannan.

Abin tambaya a nan shi ne, me zai sa mutum mai hankali, wanda gobe da asuba noma ke jiran sa, ya ɓata takardarsa da barcinsa yana hasashe a kan labarin da ya san ƙage ne? Domin ya yarda akwai amsa, kuma ya yarda wanda ya rubuta ya san ta tun kafin ya yi tambayar. Mu duba wasan kacici-kacici da muka taso da shi. In an gagare ka sai ka ba da gari, a faɗa maka amsa, ka ce ash, ai kuwa haka ne. Daɗin wasan duk a wannan "ai kuwa haka ne" yake. Amma ranar da yara suka gane mai yi musu kacici-kacici shi ma bai san amsa ba, sai an ba shi gari yake ƙirƙirowa, ba wanda zai sake ba shi ko unguwa. Masu Dark sun riƙe wannan amana. Tun kafin zango na biyu ya fito Odar ya sanar cewa na uku shi ne na ƙarshe, kuma dama a kan uku suka tsara shi. A cikin labarin an ambaci 27 ga Yunin 2020 a matsayin ranar da garin zai halaka, aka kuma saki zangon ƙarshe a wannan rana ita kanta. Wanda ya iya wannan bai fara rubutu yana laluben hanya ba. Ko hasashen da ya faɗi, irin na Niewald, bai ɓata wa kowa rai ba, domin manyan ƙulle-ƙullen an warware su ɗaya bayan ɗaya da zaren da ke gaban mai kallo tun farko. A gwada da wani fim na Amurka mai suna Lost, wanda ya yi zango shida daga 2004 zuwa 2010, shi ma da tsallaka zamani a cikinsa. Ya tara tambayoyi fiye da yadda ya amsa, da ya ƙare masu kallonsa suka rabu, wasu suka ce an yaudare su shekara shida.

Mu dawo gida. Wane ne wannan mai karatun da ake cewa ba ya iya riƙe labari mai rassa? Ɗan tsohuwar nan ne da za ta zauna a gidan biki ta jero maka dangi hawa biyar, ta faɗa maka wa ya sha nonon wa, wa ya auri bazawarar wa, ta inda wane ya zama taubashin wane, ba ta duba takarda ba. Jikan malamin nan ne da ke raba gado tsakanin mata uku da 'ya'ya 19 da uwa mai rai, ya fitar da tumuni da sudusi a ka kafin mai kalkuleta ya gama latsawa. Mutumin da ke buga dara yana hango wasa huɗu a gaba, wanda ya san rikicin gonar gidansu tun daga kakan kakansa da sunan kowane mai unguwa da ya taɓa sa baki. A ce wannan mutum ne zai rikice don labari ya koma baya shekara 33? Haba jama'a! Salsalar Winden ba ta kai ta gidan sarautar kowace gunduma a ƙasar nan rikici ba, in ka cire waccan ta uwa da 'ya.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, wahalar da ake gudu ta marubuci ce, sai aka rataya wa mai karatu. Ƙulla labarin da zai jure hasashe aiki ne ja. Sai ka san ƙarshe kafin ka rubuta farko, sai ka san shekarun kowa a kowane babi, sai ka ajiye alama a shafi na 12 wadda ba za ta yi amfani ba sai a shafi na 140, kuma ka ajiye ta a fili yadda mai karatu zai gan ta ya wuce. Wasu daga cikin marubutanmu kuwa bismillah kawai suke yi su kama hanya, duk inda alƙalami ya kai su nan ne. In zare ya cukurkuɗe, ga magani nan birjik. A sa mota ta kaɗe wanda ya tsaya a hanya. A fito da wata tsohuwa da ba a taɓa jin ta ba ta zo da wasiyya ta ce ai wance ba 'yar gidan ba ce, tsintar ta aka yi. A kira aljani. In duk sun ƙi, a ce ashe mafarki ne, firgigit ya farka. Ka biya kuɗin littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a tashe ka daga barcin da ba kai ka yi ba! Shi ya sa ba ka jin ana zana salsala a kan irin waɗannan littattafai. Mai karatu ya riga ya gane cewa hasashe a kansu asarar tunani ce, tunda marubucin na iya fito da komai daga aljihu a kowane lokaci. Da ya yi shiru ya karanta ya ajiye, sai aka fassara shirun da cewa abin da yake so ke nan.

Tun 1994 da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan zamanin sunan Adabin Kasuwar Kano ake tafka muhawara a kansu, aka yi ta yi a jaridu har ƙarshen shekarun 1990, amma galibin ƙarfin muhawarar a kan jigo ya ƙare: soyayya ta yi yawa ko ba ta yi ba, tarbiyya ta gyaru ko ta ɓaci, kwaikwayon Indiya ne ko ba shi ba ne. Zubi da tsari bai sami ko rabin wannan kulawa ba. Mu a ganinmu ba soyayya ce matsalar ba, domin shi kansa Dark in ka tone shi labarin soyayya ne da baƙin cikin iyayen da suka rasa 'ya'ya. Haka in muka waiwayi finafinanmu masu dogon zango. Daɗin Kowa da tashar Arewa24 ta fara a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Labarina na Aminu Saira a 2020, duk sun nuna cewa Bahaushe na iya bin labari mako bayan mako har shekaru, yana riƙe da sunan kowa da laifin kowa, kuma yana hasashe iyakar ƙarfinsa. Ƙishirwar tana nan. Abin da ya rage shi ne a ba shi tambayar da ta wuce wa zai auri wa, kuma a yi masa alkawarin ranar da za a ba shi amsa.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mu saurara da mutunci, wato dattawa da malaman da suka ji labarin abin da yaran ke kallo suka ce wannan ai ja da ƙaddara ne, abin da ya wuce ya wuce, mai cewa zai koma jiya ya gyara ta yana wasa da imaninsa. Ta wani gefen suna da hujja wadda ba za mu ɓoye ba. Fim ɗin na da wuraren tsiraici da alfasha da ba su dace a kalla a tsakar gida ba, kuma a ƙarshensa Jonas da Martha sun koma 1971 sun hana haɗarin motar da ya kashe ɗan wani mai gyaran agogo, Tannhaus, tare da matar ɗan da jaririyarsu, wanda baƙin cikinsa ne ya sa tsohon ya ƙera na'urar da ta tsaga duniya. Da suka hana, su da duniyarsu suka shuɗe kamar ba a yi su ba. Wannan ƙage ne tsagwaronsa, kuma ba wanda ya taso da jin Gizo yana magana da Sarki da zai ɗauke shi wani abu daban. Amma kafin wannan kashi na ƙarshe, kashi 25 cur, me ake nunawa? Ulrich ya koma 1953 ya sami yaron da yake zargin zai girma ya sace 'ya'yan mutane, ya rotse masa kai da dutse. Yaron bai mutu ba, ya tashi da tabo da taɓuwar zuciya, ya zama daidai abin da ake gudu, shi kuwa Ulrich ya tsufa a tsare. Jonas ya koma kwana ɗaya kafin mahaifinsa ya kashe kansa don ya hana shi, sai ya zamana zuwan nasa ne ya sanar da uban abin da zai aikata. Duk wanda ya ɗaga hannu zai goge rubutu, da hannun nasa ake rubutawa. Yaron da ya kalli wannan ya tashi da raina ƙaddara, to ba fim ɗin ya kalla ba.

Kuma ba Jamusawa suka fara kawo mana tunanin mutum ya buɗe ido a zamanin da ba nasa ba. Ba muna gwada wahayi da wasan kwaikwayo ba ne, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ke karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a ya san samarin da suka shiga kogo suka yi shekara 300 da ƙarin tara, suka farka suna zaton yini ɗaya ne ko wani sashe nasa, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa, wanda masu tafsiri suka ce shi ya tona su domin kuɗin wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa. A Suratul Baƙara ga mutumin da aka matar shekara 100 aka tayar, abincinsa bai lalace ba, jakinsa ya zama ƙasusuwa. A adabinmu na boko ma, Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga littattafan gasar 1933, ya yaƙi Turawa, ya ɓace cikin ƙasashen aljanu, ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya a hannun waɗanda ya yaƙa. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Hanyar da waɗannan suka share, ciyawa ce ta rufe ta don an daina bi.

Sai dai muna da kashedi ga ƙannenmu masu tasowa, waɗanda kallon nan ya sa wa ƙaiƙayin alƙalami. Mun fara ganin rubuce-rubucen da aka kwaso kogon Winden ɗungurungum aka dasa a Kano, da tashar nukiliya a bayan gari, da tauraro mai rigar ruwa ruwan ɗorawa, sunan kawai aka mayar Jamilu. A cikin fim ɗin akwai wani littafi da aka kawo wa Tannhaus daga gaba tun bai rubuta shi ba, ya kwafe ya buga da sunansa, ya zama littafi marar marubuci. A can abin al'ajabi ne, a nan kuwa sunansa satar fasaha, kuma muna da isassu. Jamusawa sun sa nukiliya a 1986 ne domin a watan Afrilun shekarar tashar Chernobyl ta fashe, gubar ta bi iska har ƙasarsu, tsoron yana cikin jinin duk wanda ya rayu a lokacin. Tsoronsu suka rubuta. Ɗan Maruta da zai ari tsoron wani ya yafa, alhali nasa na nan jibge, ya yi asara biyu.

Dubi abin da ke ƙasar nan tamu ta Birnin Kudu da Gwaram. Kogo ake nema? Ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, da zanen shanu marasa tozo a jikin dutse, irin shanun da ba su ne ke kiwo a wurin yau ba, ga duwatsu masu amo in an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana cikin shekarun 1950. Gari mai fuska biyu ake nema? Ga Tsohuwar Gwaram ga Sabuwar Gwaram, suna ɗaya, zamani biyu. Ita kanta shekara 33 ɗin da Jamusawa suka sha wahalar bayyanawa da lissafin rana da wata, kowace tsohuwa a nan ta san ta a jikinta, domin ita ce tsawon lokacin da azumi ke ɗauka ya zagaya bazara da damina da kaka da hunturu ya dawo inda ya taso. Azumin 2024 cikin Maris ya kama, haka na 1991, haka na 1958. To ɗauki waɗannan shekarun ka jera. A 1991, ranar 27 ga Agusta, aka yanke Jigawa daga Kano, mutum ya kwana Bakano ya tashi ɗan wata jiha. A 1958 Sarki Sanusi ke kan gadon Kano, NEPU da NPC na ja-in-ja a kowace kasuwa, saura shekara biyu a sami 'yancin kai. Ƙara 33 baya ka faɗa 1925, zamanin haraji da jangali da gyaɗa. Ƙara wata ka sauka 1892, ƙarshen zamanin Sarki Bello, saura shekara ɗaya Basasar Kano ta ɓarke, garuruwan kudu kuwa suna kwana da kunne ɗaya saboda harin Ningawa. Zuriya biyar ke nan a gida ɗaya, cikin azumi ɗaya, da zafin bazara ɗaya. Wace gona ce aka sayar a ɗaya daga waɗannan shekaru da har yau ake shari'a a kanta? Wace yarinya aka kama a hari aka kai dutse, jikokinta suka dawo ba su san gidan da suke neman aure nasu ba ne?

Amma fa wanda zai taɓa wannan sai ya yi bincike, domin samarin da suka kama Niewald ba za su bar shi ya sha ba. In tauraronka ya sauka kasuwa a 1958 ya zaro naira, an kama ka, domin naira sai 1973 ta zo, kafin nan fam ne da sule da sisi da taro da kwabo. In ya hau mota ta bi hannun dama, an kama ka, sai 1972 aka koma dama. In ya tambayi hanyar Dutse yana cewa babban birnin jiha, mahaukaci za a ɗauke shi, kuma wannan ma babi ne mai daɗi in ka san abin da kake yi. Sannan sai ka kafa wa labarinka doka tun farko ka tsaya a kanta: ana iya sauya abin da ya wuce ko ba a iyawa, wa ke iya ƙetarawa, me yake biya. Dokar taka ce, ba wanda zai tsara maka, amma in ka karya ta a babi na 20 don ka ceci wanda kake so, ka koma sahun masu firgigit ya farka. Shawararmu ga mai son gwadawa, kafin ya rubuta jimla ɗaya ya sami babbar takarda ya zana salsalar mutanensa da shekarar haihuwar kowa da ta mutuwarsa, ya rubuta babin ƙarshe ya sa a ambulan ya ba wani amintacce ya ajiye. In ya gama littafin a buɗe a gwada.

Su kuwa 'yan uwanmu masu wuridin mai karatu ba ya son wahala, filin wannan mujalla a buɗe yake gare su, kuma ba dogon sharhi muke nema ba. Su kawo mana sunan littafin Hausa guda ɗaya tak, wanda aka ƙulla shi tamau, aka ajiye alamominsa a fili, aka warware shi ba da aljani ko mafarki ko tsohuwa mai wasiyya ba, aka kai shi kasuwa yadda ya kamata, sannan masu karatu suka ƙi shi saboda ya yi musu wuya. Su faɗi marubucin da shekarar bugu, za mu nemo shi mu karanta, mu kuma aika da kwafi ɗaya Maruta a zana masa salsala.